Do a Layi na Biyu

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Firmin ya dawo gida. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan daram, don tun a mota ya fara ce mini ban iya tuƙi ba. Na ji daɗi har raina. Mijin da ke da ƙarfin zagin tuƙina bai shirya tafiya ko'ina ba.

Likita ya faɗi sunan abin da ya kayar da shi a kicin. Ba zan rubuta ba. Hannun dama lafiya ƙalau, ƙafafu sun dawo, magana ta dawo. Ɗayan hannun kuwa yana kwance a cinyarsa kamar safar da wani ya manta a tasha. Ni 'yar gwanjo ce, na saba da kayan da suka rabu da 'yan'uwansu, kuma ban taɓa zubar da irinsu ba.

Jiya Ginette ta zo da wainar shinkafa. Ita ce mai gidan rawar unguwar Jumet, inda Firmin ke kaɗa akodiyan kowace Lahadi da yamma tun gashinta yana baƙi da gaske. Tun da ya kwanta ta ɗauko Rudy, mai sa wa mutane faifai.

"Josiane, ƙawata, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Rudy yana son Lahadin ta zama tasa dindindin. Na ce ya jira bikin Santa Sesiliya, ranar makaɗa. In Firmin ya hau dandamali ranar, wurinsa ne. In bai hau ba…" Sai ta shiga yanka waina.

"Zai hau," na ce. "Ai har a asibiti gwaji yake."

Ƙarya ce tsagwaronta, irin wadda nake yi wa mai sayen agogon bango, in ce daga gidan wani alƙali ya fito. Akodiyan hannu biyu take so: na dama ya rera waƙa, ɗayan ya ja zugazugi, ya kuma yi bugun ƙasa, bum-ca-ca ɗin da ƙafa ke bi. Ɗazu Firmin ya ɗaga kai ya kalli akwatinta saman kabad, ya ce, "Na gama. Ki kai ta kasuwa." Na ce to.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan abincin rana

Ya shanye miyarsa. Akwatin yana saman kabad.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Ruwa ya hana kasuwa ci, sai muka raɓe a rumfa ɗaya da Calogero muna cin soyayyen dankali. Maƙwabcina ne a kasuwar Lahadi, jikan wani ɗan Sisiliya da ya zo haƙar kwal, tsofaffin kwamfutoci yake sayarwa. Na ba shi labarin Ginette. Ya lashe yatsa ya ce, "Maƙwabciya, yanzu muryar akodiyan a cikin kwamfuta take. Hannu ɗaya ya isa. Allon dannawa kawai kuke bukata."

Ya jera mini guda uku, duk masu fari da baƙi irin na fiyano. Ƙaramin kamar abin wasan yara, waƙa ba za ta kai rabi ba za ta faɗo ta gefe. Babban kuwa sai mutum biyu sun ɗauka, kamar makara. Na danna na tsakiyan, shiru.

"Ya lalace," na ce.

"Bebe ne daga haihuwa. Yatsa kawai yake ji, ya kai wa kwamfuta labari ta waya, ita ta yi muryar."

"Ɗan aike ke nan."

"Ɗan aike ne."

"To, ɗan damfara, ɗan aike za ka sayar mini da darajar maigida?"

Ya dafe ƙirji ya kira sunan kakarsa. Na dafe nawa na kira asibiti. Da ya ga na fi shi abin kira, sai muka yi musaya: na ba shi fitilar tagulla da matarsa ta daɗe tana yi wa ido, da injin niƙa kofi, ya ba ni allon, da ƙaramar lasifika, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ta fito daga ofishin da aka rufe. Harafi ɗaya ya fita, in ta yi zafi kuma tana huci kamar Ginette a kan bene. Fitilar ba tagulla ba ce. Shi ma ya sani.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ya yi dariya! Dariyar gaske, har da tari.

Na baje kayan a teburin kicin na kira shi. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Fiyano? Josiane, tun da kike, kin taɓa ganin hannuna a kan waɗannan haƙoran dokin? Ni ɗan maɓalli ne, 'yar gwanjo!"

Gaskiyarsa. Akodiyan ɗinsa maɓallai ne zagayayyu jere-jere, babu fari da baƙin fiyano ko ɗaya. Ni kuwa daga filin rawa nake ganinsa kullum, ina juyi a hannun mazan wasu, wa ya tsaya duba yatsu? Sai ya hau hudubar da nake ji tun ranar aurenmu: mu 'yan garin Charleroi do ɗinmu, sautin farko na do-re-mi, a layin maɓallai na biyu yake, yadda Allah ya so. Mutanen garin Liège sun kai nasu layi na uku, shi ya sa kiɗansu kamar zancensu, sai an yi zagaye kafin a zo gida. Yau ban katse shi ba. Na bar shi ya kai har ƙarshe.

Da ya gama ya ce in mayar da kayan.

"Wa ya ce kai na saya wa?" na ce. "Ni zan kaɗa a gidan Ginette. Wals ɗinka, kiɗan rawar nan na rufe taro, ai na haddace."

Ya kalle ni kamar na ce zan yi wa Paparoma aski.

Laraba, 29 ga Oktoba, da rana tsaka

Kullum bayan karin kumallo ina yi wa wals ɗinsa kisan gilla, ƙofar falo a buɗe. Ba sai na yi da gangan ba, amma ina ƙarawa. Jiya ya ƙure talabijin. Yau ya kasa.

"Fa!" ya kwaɗa daga falo, yana gyara mini sautin da na danna. "Fa ce, ba sol ba! Kina so mahaifina ya juya a kabari?"

"Zo ka nuna mini mana, malamin kiɗa."

Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Bai shigo ba. Ya ce, "Kuma wannan abar a makare take amsawa. Ki danna yau, ta yi kuka gobe. Wa zai yi rawa da kurma?"

Ni ma na lura, na ɗauka yatsana ne. Ashe ya daɗe yana saurare.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Calogero ya zo da ɗan akwati ja, bai fi sabulu biyu ba. Ya ce maƙogwaron kwamfutar ne mai arha, wannan zai karɓi aikin fitar da sauti. Ya kwashe duk tarkacen ofis da ke cikinta, ya bar manhajar kiɗa ita kaɗai kamar gwauruwa a babban gida. Ya kafa mini doka: kada ta taɓa shiga intanet, kada in duba farashin kaya a kanta, kuma kullum a bar ta jone da wuta, don in ta koma kan batir sai ta fara rowar ƙarfi.

Yanzu kana dannawa tana amsawa. Firmin ya wuce zai ɗebi ruwa, ya sa yatsa ɗaya a kan haƙorin doki, ya saurara, ya ce, "Hmm." Ya sha ruwan ya fita. Calogero ya kashe mini ido. Na ba shi ragowar tsiran alade ya kai gida.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da rana

Mun kai furanni kabarin iyayensa. Yana tsaye, yatsun damansa suna hawa da sauka a kan maɓallan kwat ɗinsa. Bai san yana yi ba. Na yi kamar ina gyara tukunyar fure.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Na gaya wa Calogero maɓallai muke so, ba haƙora ba. Ya shiga motarsa ya yi ta tono, ya fito da faranti biyu na roba masu kunna fitilu, irin waɗanda samari ke kiɗan gidan rawa da su. Ɗaya maɓallansa manya ne 'yan kaɗan, na ganga ne. Ɗayan cike yake da ƙanana daga gefe zuwa gefe, kamar tiren ƙwai.

"Kowane maɓalli abin da kika ce masa shi zai faɗa," in ji shi. "Ki ce do, ya ce do. Ki ce kukan akuya, ya yi."

"Da ma maza haka suke."

Na ɗauki mai ƙananan, na danna a hankali, ya yi ƙasa-ƙasa, na danna da ƙarfi, ya ɗaga murya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya don kada a haɗa ni da mai mataccen ido, na yi shekaru ina sayar da rediyo, na san inda ake ɓoye cuta. Duka suna da rai. Ya ce zai jera su kamar akodiyan, akwai wani bawan Allah a intanet da ya riga ya yi wannan aikin yana rabawa kyauta. Na ba shi madubi. Wannan karon na gaske ne.

Talata, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na ajiye farantin a teburin kicin. Ya zagaya shi kamar kyanwa, ya zauna. Ya ce, "Fitilun Kirsimeti." Amma ya goge hannunsa a wando, yadda yake yi kafin ya hau dandamali. Ya ɗora yatsu, ya rufe ido, ya fara wals ɗin.

Abin da ya fito ba wals ba ne. Ba komai ba ne. Ya tsaya, ya sake. Ya gwada kiɗan tango. Ya gwada waƙar yara da ya fara koya a cinyar mahaifinsa. Yatsun suna tafiya da tabbaci, sautin yana fita a karkace, kamar ka buɗe baki ka kira matarka sunan wata ya fito.

Ya janye hannun ya ɗora kusa da ɗayan. Ya ce a hankali, "Ashe ba hannu kaɗai ya ɗauka ba. Har nan ya shiga." Ya taɓa goshinsa.

Na ce injin ne. Ya ce, "Inji ba ya mantuwa, Josiane."

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Bai sha kofi ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Rabin miya. Bai zagi kowa ba, ko 'yan siyasa a talabijin. Na lulluɓe teburin kicin da zane.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Ginette ta bugo. Na ce gwaji yana tafiya kamar ruwa. Yau ƙaryar ba ta yi mini daɗi a baki ba. Na yanka albasa mai yawa, fiye da abin da girkin ke bukata. Akwatin yana saman kabad.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da rana tsaka, a rumfa

Ina rubutu a kan murfin akwatin cokula don hannuna ba zai jira gida ba!

Na kawo wa Calogero farantinsa na ce ya riƙe madubin, ba na son komai. Ya ɓata rai ya ce shi bai gane ba, ai ya bi jerin mutumin nan tiryan-tiryan, kuma mutumin kirki ne, tsohon makaɗi, har ya ce in mun je Liège mu biya ya ba mu giya.

Na ce, "In mun je ina?"

"Liège."

"Calogero. Ɗan uwata. Do a wane layi ka sa?"

Ya duba wayarsa. "Na uku. Ba haka ake yi ba?"

Albasa mai ganye ce a hannuna, wadda na saya don miya, da ita na rafke shi. Mai kifi ya leƙo yana tambaya ko a kira 'yan sanda. Ina dukansa ina dariya, hawaye na zuba. An haife shi a Charleroi, ya girma a Charleroi, ya zuba wa mijina Liège a ƙarƙashin yatsu!

"Ni ina na sani?" yana karewa da murfin tukunya. "Mu a gidanmu mandolin mai tsirkiya ake kaɗawa!"

Na tattara kaya tun kasuwa ba ta tashi ba. Wata mata tana taya tulun fure, na ce ta ɗauka yadda ta taya. Ta tsorata, ta ɗauka ya fashe ne.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da yamma

Jiya na same shi a falo, talabijin a kashe. Na tsaya gabansa na ce, "Tsoho, kanka lafiya lau. Liège aka ba ka." Sai da na maimaita. Can ya ce, "Layi na uku?" Na ce na uku. Zagin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, amma ya taɓo kogin Liège, da wainarsu, da kakannin kakanninsu. Ban taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba.

Yau Calogero ya zo, hula a hannu kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Firmin ya zaunar da shi ya ce, "Rubuta, ɗan mandolin." Ya rufe ido ya karanto masa maɓallan da ka, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina jingine da firji ina kallon goshin nan da ya taɓa ranar Talata.

Da aka gama ya goge hannu a wando. Wals ɗin ya fito. Da ɗingishi, amma shi ne, na gane shi kamar takun mijina a bene. Calogero ya juya yana duba wayar da ba ta da matsala.

Miya kwano biyu.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Sabon ƙorafi, kuma ina maraba da kowane ƙorafi. Ya ce shi bai taɓa kiɗa a kan tebur ba, ba akawu ba ne. Maɓallai a ƙirji suke zama, a tsaye, inda ido ba ya ganinsu. In ya kalli yatsunsa sai su rikice. Kuma na akodiyan a gicciye suke, waɗannan a miƙe kamar sojoji.

Na ɗaure farantin a kan katakon yanka burodi, na ɗan karkata shi har ya ce haka. Saura maɗauri. Na gwada bel ɗinsa, ya zame. Na gwada igiyar labule, ya ce shi ba buhu ba ne.

Muka kalli saman kabad tare.

Ni na hau kujera. Da na buɗe akwatin ƙamshin fata da tsohuwar taba ya cika ɗakin. Bai taɓa akodiyan ɗin ba, ya ce mata kawai, "Aro za mu yi, 'yar gari." Na kwance maɗauran fatar na ɗaura wa katakon burodi. Da na rataya masa, kafaɗunsa suka koma inda suke da.

Akwatin yana ƙasa yanzu, kusa da kujerarsa. Wai don kada in faɗo daga kujera.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

"Ba ta numfashi," in ji shi. Zugazugi ne ke sa waƙa ta kumbura ta sauka, wannan kuwa murya ɗaya take yi kamar mai sanarwa a tashar jirgi. Calogero ya kawo feda irin ta keken ɗinki, ka taka sauti ya cika, ka saki ya lafa. Da farko ƙafar Firmin ta yi ta rikici, kafin yamma ta gane. Ya ce yanzu da tafin ƙafa yake shan iska.

Bugun ƙasa ne ya gagara. Calogero ya sa kwamfuta ta riƙa yin bum-ca-ca da kanta. Firmin ya bi ta rabin waƙa ya tsaya.

"Kashe ta. Wannan ba ta jiran kowa. Tsohuwa Léonie mai zuwa rawa fa? An sa mata sabon ƙugu, juyin farko da gudu take yi, na uku sai an jira ta. Ni ƙafafun mutane nake kallo in ba su kiɗa daidai su. In kwamfuta ce za ta ja mu a guje, a bar wa Rudy mana, faifansa ya fi ta murya."

Sai na ga su biyun suna kallon allon haƙoran doki da ke jingine bayan firji. Daga nan suka kalle ni.

Na ce a'a. Na ce ni 'yar rawa ce.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Calogero ya gyara allon yadda yatsa ɗaya zai ba da bugun gaba ɗaya. Na shafa wa haƙoran jan farce kala-kala: ja gida, ruwan hoda maƙwabci, shuɗi wurin da waƙa ke zuwa in ta yi fushi. Ina zama a gefensa, ɓangaren da ɗayan hannun yake. In lokacin sauyi ya zo sai ya zungure ni da gwiwa. Cinyata duk ta yi shati.

Abin mamaki, saurin ba ya ba ni wuya. Na yi rawa da duk tsofaffin nan, na san wanda ke jan ƙafa, na san inda Léonie ke haki. Rawar ce dai, ta koma yatsa.

"Ruwan hoda, 'yar gwanjo! Ruwan hoda!"

"Ka zungure ni a makare!"

"Ke da kwamfutar uwarku ɗaya!"

Maƙwabta sun buga bango. Firmin ya ce tafi ne.

Ɗazu ina share ƙasan gado na ci karo da jan takalmina na rawa. Na zauna da su a hannu. In wannan abu ya yiwu, ni da filin rawa sai kallo. Ban gaya masa ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

Kofi ya kuɓuce masa ya fashe. Mantawa ya yi, da ɗayan hannun ya so ya riƙe. Yau ba mu yi gwaji ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Ya aske gemu, ya sa na goge farar rigarsa. Ya ce in mun ji kunya, laifin Liège ne. Na naɗe wayoyi, na sa wayar wuta ta biyu a jaka. Takalman ma na jefa su ciki, ban san dalili ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da safe, kofi a gabana

Jiya aka yi bikin Santa Sesiliya. Da Ginette ta ga muna shigo da kaya ta riƙe baki. "Josiane, wannan ne gwajin da ke tafiya kamar ruwa? Katakon burodi?" Na ce sabon yayi ne daga Paris. Rudy yana gefe da akwatin faifansa, ya taya mu jona lasifika, yaron ba shi da mugunta.

Zauren ya cika, ƙamshin kofi da giya da turaren tsofaffi. Da Firmin ya fito da fitilu a ƙirji kowa ya juyo. Wasu suna kallon farantin, wasu suna ƙoƙarin kada su kalli abin da ke cikin aljihun kwat ɗinsa. Muka fara. Mutane ƙalilan suka taso. Sai na ji Gaston, tsohon direban tarago mai kunnen ƙashi, yana faɗa da ƙarfi, shi a zatonsa raɗa yake: "Ai inji ne ke yi! Shi yatsa kawai yake motsawa. Faifai ne da riga!"

Raina ya ɓaci, na juya in harare shi, yatsana ya sauka kan shuɗi maimakon ja. Sauti ya fita kamar an taka agwagwa. Firmin ya tsaya cak, ya manta makirufo na gabansa, ya ce, "Ja, Josiane! Ja! Tun ranar Litinin nake faɗa miki!"

"To ka daina zungurata kamar jaki a gaban mutane!"

Zauren ya fashe. Léonie ta buga sandarta a ƙasa tana cewa, "Faifai ba ya faɗa da matarsa, Gaston! Tashi ka riƙe ni!" Kafin mu koma kan waƙar fili ya cika. Na zuba wa ƙafafunsu ido. A juyi na uku Léonie ta fara haki, na sassauta, Firmin ya biyo ni, ƙafarsa ta saki feda, waƙar ta lafa ta jira ta. Ta ɗago ta jefo masa sumba. Kwamfutar tana ta huci a ƙarƙashin tebur, amma ba ta ba mu kunya ba, 'yar albarka.

Da aka zo hutu Ginette ta hau dandamali da giya biyu. Ta ce Lahadi ta Firmin ce, kamar yadda take tun da. Rudy zai riƙa sa faifai lokacin hutu, don tsoho ya huta. Rudy ya ɗaga kofinsa, ya sa wani wals mai sanyi.

Ina tattara wayoyi sai na ji Firmin ya ce, "Cire mini wannan katakon." Na cire. Ya ce, "Na ga takalman a jaka."

Tun da na san shi yana sama ina ƙasa. Ko ranar aurenmu shi ya yi kiɗa, da ƙanensa na buɗe rawa. Na ce, "Ka iya kuwa?"

"Na shekara nawa ina kallon yadda ake lalata ta. Sa takalmi."

Muka sauka fili. Ya sa hannun dama a bayana. Sai ya tsaya, don a wals namiji da ɗayan yake riƙe hannun mace, a sama. Ya kalli aljihunsa, ya kalle ni. Na sa hannu na ciro shi, na sarƙe yatsuna cikin nasa, na ɗaga mana shi tare.

Hannun hagu. Ga shi na rubuta. Yana da nauyi, kuma yana da ɗumi.

Ya taka mini ƙafa tun a juyin farko, ya ce ni ce na makara.